Loeb ko Ogier? Tambayoyin da ake yawan yi mini a kan tseren rali na duniya

Duk ranar da abokai suka taru kallon ƙwallo suka same ni a gefe na ƙura wa waya ido, wata 'yar mota tana ta da ƙura a cikin daji, sai tambayoyi su fara. Bakina ya gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ne na ce bari in tattara su wuri guda.

Wai mene ne ralin nan, kuma me ya raba shi da Formula 1?

A Formula 1 duka motocin ne ke tashi tare, su yi ta zagaya fili ɗaya. A rali kuwa kowa shi kaɗai yake tashi, a ba shi tazarar minti biyu ko uku da na bayansa, agogo ne abokin karawarsa. Ana rufe hanyar mutane ta gaske, burji ko kwalta ko ƙanƙara, a yanka ta zango-zango. Daga Alhamis ko Juma'a zuwa Lahadi a yi ta tara lokacin kowane zango, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ya ci. Tsakanin zango da zango motar kan shiga titi ne da lambarta kamar ta kowa, kuma in direba ya karya doka ɗan sanda zai tare shi. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta fara gasar duniya, wato WRC, a 1973, sai a 1979 aka fara ba direbobi kambu nasu.

Shi wancan na gefen direba fa, karen mota ne?

Kada ka bari ya ji. Shi ne idon direba. Kafin a fara gasa ana barin su su bi kowane zango sau biyu a hankali da motar gida. Direba na faɗa, shi yana rubutawa da fensir a littafi: wannan kwanar ta dama ce, ga tsananinta, mita ɗari sai tudu, bayan tudu akwai dutse a gefen hagu, kada ka yanke. Ranar tsere motar na gudun kilomita 160 a awa, tana tsalle tana dira, shi kansa na sunkuye a kan littafi, babban yatsa a kan layi, yana karantawa ta cikin hular kwano. Sau da yawa da ƙugunsa yake jin inda aka kai. In ya tsallake shafi ɗaya sai dai a tsinto su a rami. In taya ta yi faci a tsakiyar zango kuma su biyun ne za su fito su canza, ƙwararru kan gama cikin ƙasa da minti biyu.

To kai tsakanin Loeb da Ogier wa ka ɗauka?

Nan ne ake ɓatawa da ni. Dukansu Faransawa ne, dukansu sunansu Sébastien, kuma yanzu kowannensu na da kambu 9.

Loeb ya ci nasa ne a jere, daga 2004 zuwa 2012, duk da motar Citroën, Daniel Elena na karanta masa hanya. Gasa 80 ya lashe. Ɗan wasan alkafura ne tun yana yaro, kuma ana ganin haka a tuƙinsa: ba ya jefa mota a karkace don burge 'yan kallo, layi yake bi kamar an zana masa. Mutane har suka fara cewa ya sa rali ya daina daɗi, don kafin a tashi an san mai ci. A 2022, yana da shekara 47, ya dawo Monte Carlo da Ford Puma, wata malamar lissafi mai suna Isabelle Galmiche a gefensa. Ogier ne a gaba har zango na biyun ƙarshe, taya ta fashe masa, tsoho ya wuce ya lashe da tazarar daƙiƙa 10.5. Ranar na yi ihu, ban ɓoye ba.

Amma duk da haka Ogier nake ɗauka, kuma ga dalilina. Loeb gida ɗaya ya zauna, gidan da ya fi kowa kuɗi da mota a lokacin. Ogier ya ci huɗu da Volkswagen Polo daga 2013 zuwa 2016, sai kamfanin ya tattara ya bar gasar ba zato, bayan badaƙalar hayaƙin dizal. Ya koma M-Sport, ƙungiyar Malcolm Wilson da ke arewacin Ingila, wadda aljihunta bai kai na manyan kamfanoni ba, ya ci 2017 da 2018. A 2017 ɗin gasa biyu kacal ya lashe, Monte Carlo da Fotugal, saura duk tsintar maki ne: yau na biyu, gobe na uku, bai yarda ya jefa mota a rami ba. Ya koma Toyota ya ƙara 2020 da 2021, sannan 2025, shekarar da bai ma shiga gasa uku daga cikin 14 ba.

Akwai kuma maganar sharar hanya. A burji, wanda ke kan gaba a maki shi ake fara saki ranar Juma'a. Tsakuwar da ke saman hanya kamar gero take a ƙarƙashin taya, shi zai share wa na baya, su zo su sami ƙasa mai ƙarfi. Ogier ya sha wannan shekara da shekaru, yana ta mita, kuma yana ci. Masu son Loeb za su ce shi ma ya yi shara. Haka ne. Ni dai kambu da motoci uku daban-daban ya fi yi mini nauyi.

Me ya sa Colin McRae ya fi su farin jini alhali kambu ɗaya ya ci?

Saboda shi totur kawai ya sani. Ɗan Sikotland ne, ya ci 1995 da shuɗiyar Subaru Impreza, kuma in ya shiga zango ko dai ya kafa tarihi ko a kwaso motar a buhu. 'Yan kallo na son haka. Amma a shekarun nan Tommi Mäkinen na Finland ya ɗauki huɗu a jere da Mitsubishi Lancer, 1996 zuwa 1999. McRae ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a 2007, har yau ana kewarsa.

Tunda an zo wannan zamanin, ba na wucewa ban ambaci Carlos Sainz ba. A 1998 a Birtaniya kambu na hannunsa, saura 'yan ɗaruruwan mita a gama zangon ƙarshe, injin Corolla ya mutu. Luis Moya, mai karanta masa hanya, ya fito yana roƙonsa ya tayar da ita, da ta ƙi sai ya ɗaga hular kwanonsa ya rotsa gilashin baya. Mäkinen, wanda ya riga ya fita daga gasar yana shirin tafiya gida, a waya aka gaya masa shi ne zakara.

Gaskiya ne motocin dā sun fi na yanzu?

Sun fi ban tsoro, ba su fi sauri ba. Waɗanda ake nufi su ne na rukunin B, 1982 zuwa 1986: Audi Quattro da ta kawo jan taya huɗu, Peugeot 205 T16, Lancia Delta S4. Ƙarfi ya yi wa jikinsu yawa, 'yan kallo kuma na tsayawa a tsakiyar hanya sai mota ta iso su dare. A 1986 wata Ford RS200 ta afka cikin jama'a a Fotugal, mutum uku suka mutu. A watan Mayu Henri Toivonen da Sergio Cresto suka ƙone a cikin Lancia a tsibirin Corsica, aka soke rukunin daga ƙarshen shekarar. A farkon shekarun 1980 ɗin ne Michèle Mouton ta zama mace ta farko da ta lashe gasar WRC, a Sanremo 1981, ta kuma zo ta biyu a duniya a 1982.

Na yanzu, Rally1, injin lita 1.6 ne mai tobo. An haɗa musu da batir daga 2022, aka cire a 2025 saboda tsadar gyara. Sirrinsu na shokazoba ne da taya da birki: su dira daga tsalle kamar kyanwa.

Wace ƙungiya ce ke sama yanzu?

Toyota, ba gardama. Daga Jyväskylä na Finland suke aiki, kambun kamfanoni nasu ne tun 2021. Su suka fito da Kalle Rovanperä, wanda ya zama zakara a 2022 kwana ɗaya bayan ya cika shekara 22. Hyundai na cizawa, ɗan Beljiyam ɗinsu Thierry Neuville ya sha zuwa na biyu har sau biyar kafin ya samu a 2024. M-Sport na fama da aljihu. Matsalar ke nan: gida uku kacal. Kuma kafin masoya Toyota su cika baki, a 1995 an kama su da dabarar ɓoye a tobon Celica, aka ƙwace musu maki, aka kore su shekara guda.

Mu a Afirka muna da rabo a ciki?

Muna da Safari na Kenya, tun 1953 ake yin sa. Ya fita daga WRC bayan 2002, ya dawo 2021 a yankin Naivasha. Shi na fi so, don nan ne mai gaggawa ke kwana a hanya: duwatsu, taɓo in an yi ruwa, da wata ƙura mai laushi kamar garin tuwo da ke haɗiye mota har ciki. Shekhar Mehta na Kenya ya ci sau biyar. Kwaddebuwa ma ta karɓi gasar daga 1978 zuwa 1992. Kada a haɗa shi da Dakar da ya riƙa ratsa Agadas, wannan tseren sahara ne, gasa ce daban.

Kuma Peugeot 504, Fijon nan da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, a shekarar nan ce Ove Andersson ya lashe Safari da ita. Da na gaya wa wani tsohon direban tasha haka, ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi da sun zo sun tambaye shi.