Waiwaye: Pete Carroll ne ya ƙera 'yan bayan Seattle, ko zamani ne ya ba shi su?

Tun da Pete Carroll ya sauka daga kujerar kocin Seattle Seahawks a Janairun 2024, gardama ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu bin ƙwallon Amurka. Da Las Vegas Raiders ta ɗauke shi bayan shekara guda, yana ɗan shekara 73, sai aka sake hura mata wuta. Wasu na cewa a wannan ƙarnin ba a yi kocin da ya kai shi iya ɗauko yaron da kowa ya raina ya mayar da shi gwarzon ɗan baya ba. Wasu kuma na cewa sa'a ce ta shekara uku, daga 2010 zuwa 2012, ya yi ta cin gajiyarta har shekara goma. In ba haka ba, in ji su, me ya sa tsaron Seattle ya koma sahun baya a shekarunsa na ƙarshe? Kowane ɓangare yana da jerin sunayensa a aljihu, kuma duk sunayen gaskiya ne. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Tashin wannan tsaro da faɗuwarsa duk suna da tushe ɗaya, kuma ba a filin wasa aka dasa shi ba.

Ga wanda ya fi sabawa da ƙwallon Turai, ya kamata a sani cewa a gasar NFL kulob ba ya renon yaro tun yana ƙarami. Jami'o'i ke wannan aikin. Kowace shekara kulob 32 na zama su raba waɗanda suka fito, a zagaye bakwai, wanda ya fi shan kashi shi ke fara zaɓa. Don haka idan aka ce koci ya iya renon 'yan wasa, yawanci ana nufin ya ɗauki wani a zagaye na biyar ko na shida, inda ake tsintar ragowa, ya mayar da shi abin kwatance.

Labarin farko kowa ya san shi. Carroll ɗan baya ne tun yana jami'a, ya horar da 'yan baya a Buffalo da Minnesota a shekarun 1980, ya riƙe New York Jets da New England Patriots ba tare da ya daɗe ba, ya yi suna a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, sannan ya zo Seattle a 2010 tare da sabon manaja John Schneider. A shekarar suka ɗauki Earl Thomas a zagayen farko da Kam Chancellor a na biyar. A 2011 aka samu K.J. Wright a na huɗu, Richard Sherman a na biyar, Byron Maxwell a na shida, Malcolm Smith a na bakwai, aka kuma ɗauko Brandon Browner daga gasar Kanada. Bobby Wagner ya biyo a 2012. Daga 2012 zuwa 2015, shekara huɗu a jere, babu kulob ɗin da aka ci wa maki kaɗan kamar Seattle. A Fabrairun 2014 suka lallasa Denver Broncos 43 da 8 a wasan ƙarshe na Super Bowl, alhali Denver ɗin ta kafa tarihin cin maki 606 a kakar. Smith, ɗan zagaye na bakwai, shi ya zama gwarzon wasan. Bayan nan alƙalai suka ƙara sa ido kan riƙo da bangaza, raunuka suka zo a 2017, ƙungiyar ta watse. A nan mafi yawan masu gardama ke tsayawa.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. A Maris na 2011 masu kulob-kulob suka rufe ƙofa saboda takaddamar rabon kuɗi da ƙungiyar 'yan wasa. Sai ƙarshen Yuli aka daidaita, aka sa hannu kan yarjejeniyar shekara goma. Idon jama'a yana kan biliyoyin da aka raba. Sassa biyu da suka shafi renon ɗan wasa kai tsaye kuwa, ba wanda ya tsaya a kansu sosai a lokacin.

Na farko shi ne atisaye. An rage shirin horo na lokacin hutu daga mako 14 zuwa 9. An hana atisaye biyu a rana da cikakken sulke a sansanin share fage, abin da a da shi ne gishirin watan Agusta. A cikin kaka kuma aka ƙayyade atisayen sulke zuwa 14 kacal. 'Yan wasa ne suka nemi hakan, kuma suna da hujja: jikinsu da ƙwaƙwalwarsu ke biyan kuɗin wannan gwabzawa. Ba wanda zai ce sun yi laifi. Amma duk abin da aka rage a wuri ɗaya, wani wurin zai ji a jikinsa, kuma wanda ya fi ji shi ne mai gadin gefe irin wanda Carroll ke so.

Sai an ga aikin a kusa ake gane dalili. Mai gadin gefen Seattle a zamanin Carroll ba ya ja da baya ya bar tazara. Yana tsayawa ne gab da mai cafkar ƙwallo, hanci da hanci. Da an fara wasa, zuciya na gaya masa ya zabura, amma an koya masa ya yi ɗan taki gefe kawai, ya jira. Mai cafka zai yi ta rawar kafaɗa da ƙafa don ya rikita shi. Shi kuwa sai ya ga inda mutumin ya nufa da gaske, sannan ya buɗe ƙafa, ya sa masa hannu a ƙirji a cikin yadi biyar da doka ta yarda, ya bi shi ba tare da ya bari an wuce ta kansa ba. Duk wannan bai wuce daƙiƙa ɗaya da wani abu ba. Kuskuren taki ɗaya, an bar shi a baya, sai dai Thomas da ke gadin tsakiyar fili shi kaɗai ya rugo ceto. Ba a koyon wannan a allo. Sai an maimaita ɗaruruwan lokuta da mutum mai rai a gabanka yana son wuce ka. Dokar atisayen lokacin hutu kuwa ta hana irin wannan bangazar ta gaba da gaba, kuma an sha cin tarar kulob-kulob a kanta. Wani gogaggen mai gadin gefe da Seattle ta saya da tsada a 2015 bai gama kakar ba aka sallame shi. Ba don bai iya ƙwallo ba ne. Salon ne bai zauna masa a ƙafa ba a ɗan lokacin da ke akwai.

Mai karatu zai ce, to ai Sherman da tsaransa a ƙarƙashin wannan dokar suka taso, har ma sun fi kowa shan wahala, tunda a 2011 ba su samu horon hutu ko na kwana ɗaya ba. Haka ne, kuma wannan shi ne zuciyar maganar. Da aka rage atisaye, makarantar ta koma filin ranar Lahadi. Tambayar ta zama: wane kulob ne zai iya jure wa yaro yana kuskure a wasan gaske? Seattle ta 2010 da 2011 ta iya, don ba ta da abin asara. Kowace kaka wasa 7 ta ci, aka ci ta 9. A 2010 kaɗai an yi sauye-sauyen 'yan wasa sama da 280, ana gwadawa ana zubarwa. Chancellor ya yi shekararsa ta farko yana kallon tsohon hannu Lawyer Milloy, ta biyu aka miƙa masa wurin. Sherman, wanda ya fara jami'a a Stanford yana mai cafka kafin ya koma baya, bai shiga sahun farko ba sai da Marcus Trufant da Walter Thurmond suka ji rauni a tsakiyar kakar 2011. Da a kulob mai neman kofi yake a lokacin, da wani tsohon hannu aka sayo ya toshe gurbin. Seattle ta 2015 kuwa kofi take nema, kuma guraben duk da masu su. Yaron da aka ɗauka a zagaye na biyar zai zauna a benci, ga atisayen da zai nuna kansa ya ragu.

Sashe na biyu shi ne kwantiragin sababbi. An fi tuna shi da karya farashin 'yan zagayen farko: Sam Bradford, zaɓin farko na 2010, ya samu kwantiragin dala miliyan 78, Cam Newton na 2011 ya samu kusan miliyan 22. Amma ga 'yan ƙasa-ƙasa ma ya kafa ƙa'ida: shekara huɗu, ba a sake ciniki sai an gama ta uku, bayan ta huɗu kuma mutum ya samu 'yancin tafiya inda ya ga dama. Ga kuma rufin albashi, wato iyakar kuɗin da kowane kulob zai iya biyan 'yan wasansa a kaka, wanda ya tsaya kusa da dala miliyan 120 daga 2011 zuwa 2013. Kwantiragin Sherman na farko gaba ɗayansa bai kai dala miliyan 3 ba, na Russell Wilson, mai jifa (wanda ke jefa wa masu cafka ƙwallo), ma kusan haka. Da rarar wannan araha aka sayo Michael Bennett da Cliff Avril a 2013, mutanen da suka riƙa hana masu jifa sakat har 'yan baya suka samu abin cafkewa. Masu yabon Carroll kan manta cewa waɗannan biyun sayo su aka yi da ƙwarewarsu.

Sai ranar biya ta zo. A 2014 Thomas ya karɓi dala miliyan 40 na shekara huɗu, Sherman miliyan 56. A 2015 Wilson ya karɓi miliyan 87.6, Wagner miliyan 43. Duk sun cancanta. Amma tukunya ɗaya ce, don haka na ƙasa da su suka fara kama gabansu: Browner da Thurmond a 2014, Smith a 2015, Bruce Irvin a 2016. Labarin Maxwell ya fi kowanne nuna yadda abin yake. Kusan shekara uku yana koyo a bayan manya. A ƙarshen kakar 2013 gurbi ya buɗe, ya shiga ya katse jifa huɗu, wato ya cafke ƙwallon da abokan hamayya suka jefa. Ya yi cikakkiyar kaka ɗaya a sahun farko, sai Philadelphia Eagles ta ba shi dala miliyan 63 na shekara shida. Kamar yaron gareji ne da oga ya sha wahalar koya masa, ranar da hannunsa ya faɗa ita ce ranar da ya buɗe nasa wurin. Haka aka yi da Frank Clark, wanda ya kayar da masu jifa sau 13 a 2018, aka sayar da shi ga Kansas City a 2019 da maganar kuɗi ta taso.

Akwai wasu dalilan, ban musa ba. Mataimaka sun tafi: Gus Bradley ya zama kocin Jacksonville a 2013, Dan Quinn na Atlanta a 2015, kowa ya tafi da salon. Sauran kulob-kulob suka farga da dogayen masu gadin gefe, irin waɗanda Seattle ke tsinta a arha saboda ana ganin sun yi tsawo da yawa, suka fara ɗauke su da wuri. Kulob mai nasara kuma a ƙarshen layi yake zaɓa. A gefen masu farautar mai jifa kuwa, tarihin Carroll bai kai na 'yan baya kyau ba, kuma masu sukarsa suna da gaskiya a nan. Amma waɗannan abubuwa sun taɓa faruwa da manyan kulob-kulob tun kafin 2011. Abin da yake sabo shi ne agogon shekara huɗu haɗe da ƙarancin atisaye, kuma yarjejeniyar 2020 ta ƙara rage atisayen sulke a sansani zuwa 16, wasannin share fage ma suka koma uku daga 2021.

Hanyar gwada wannan magana ita ce a duba abin da ya faru duk lokacin da gurbi ya sake buɗewa. Shaquill Griffin, ɗan zagaye na uku a 2017, ya samu wasa da wuri saboda raunukan manya, ya shiga jerin taurarin gasar a 2019. Tre Flowers, wanda aka sauya wa matsayi a 2018, ya samu irin wannan dama amma bai kai can ba, don haka ba kowa ake jefawa ruwa ya iya iyo ba. A Maris na 2022 aka sayar da Wilson ga Denver, aka sallami Wagner, kulob ya koma gini daga tushe. A shekarar aka ɗauki Tariq Woolen a zagaye na biyar, dogo, wanda shi ma ya fara jami'a yana mai cafka. Tun wasan farko aka saka shi. Ya katse jifa shida, babu wanda ya fi shi a gasar a kakar. Sherman zaɓi na 154 ne, Woolen na 153, tsakaninsu shekara 11. Hannun da ake cewa ya mutu tun 2012 shi ne ya yi wannan aikin. Har zuwa 2023 da aka ɗauki Devon Witherspoon a matsayin zaɓi na biyar na zagayen farko, Seattle a zamanin Carroll ba ta taɓa ɗaukar mai gadin gefe kafin zagaye na uku ba.

Sai kuma D.J. Reed, wanda masu lissafin ɓangarorin biyu kan tsallake. San Francisco ta sake shi a 2020 yana da rauni, Seattle ta tsince shi. Gajere ne, bai dace da ma'aunin da aka san Carroll da shi ba, amma aka ba shi gefe ya riƙe. A 2022 New York Jets ta ɗauke shi kan dala miliyan 33 na shekara uku, kuma a can ne mafi yawan masu kallo suka fara sanin sunansa. Kocin Jets a lokacin shi ne Robert Saleh, wanda ya yi aiki a matsayin ƙaramin mataimaki a ƙarƙashin Carroll a Seattle daga 2011 zuwa 2013.