Me ake nufi da "kashi kaza cikin ɗari"?

Idan aka ce kashi 20 cikin 100, ana nufin a ɗauki abu dungurungum a kasa shi gida ɗari daidai wa daida, sannan a kwashi gida ashirin. Kashi 20 cikin 100 na naira 5,000 kenan naira 1,000, domin kowane gida naira 50 ne. A littafin lissafi alamarsa ita ce %. Mai fitar da zakka ma wannan lissafin yake yi: ɗaya bisa arba'in na dukiya shi ne kashi 2.5 cikin 100, ushirin amfanin gonar damina kuwa kashi 10 ne.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda ɗalibai ke tuntuɓe, har da manya a kasuwa da ofis, shi ne mantawa da tambaya guda: kashi ɗin na mene ne? Wane abu aka kasa gida ɗari?

A ce ɗan kasuwa ya saro buhun masara naira 40,000, ya sayar 50,000. Ribarsa 10,000, ba gardama. To kashi nawa ya ci? Yaro zai yi sauri ya raba 10,000 da 50,000 ya samu kashi 20, ya wuce yana murna. A lissafin makaranta kuwa kan uwar kuɗi ake auna riba, wato 40,000, amsar ita ce kashi 25. A jarrabawar zaɓi irin ta JAMB ko WAEC, amsar kuskuren kan zauna cikin zaɓuɓɓukan tana jiran mai gaggawa, shi ya sa nake roƙon malamai su saba wa yara da ja layi ƙarƙashin uwar kuɗi kafin su taɓa komai.

Haka abin yake idan farashi ya hau sannan ya sauka. Mudun shinkafa na naira 2,000 ya tashi da kashi 50, ya koma 3,000. Daga baya aka ce ya faɗi da kashi 50. Bai dawo 2,000 ba, 1,500 ya koma, saboda yanzu 3,000 ake kasawa.

A watan Fabrairun 2020 harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kuɗin kayan da mutum ya saya, a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5. Mai kallon lambobin zai ce biyu da rabi kacal aka ƙara. Amma wanda yake biyan naira 500 kan kayan 10,000 ya koma biyan 750, wato harajin kansa ya ƙaru da rabinsa, kashi 50 cikin 100. Duka maganganun gaskiya ne, abin da aka auna ne ya bambanta. Kuma ƙari yana iya zarce ɗari: da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, ƙarin 40,000 ɗin ya kai kusan kashi 133 na tsohon albashin.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun hauhawar farashi. Duk sanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ta ragu, sai mutane su shiga kasuwa su tarar kaya ba su sauka ba, su ce an yi musu ƙarya. Alhali in ta sauko, misali, daga kashi 30 zuwa 20, ma'anarta abin da yake naira 1,000 bara ya zama 1,200 bana. Farashi na ci gaba da hawa, gudunsa ne ya ragu. Ya kamata masu karanta labarai su riƙa fayyace wannan a fili.

Akwai tambayar da ke zuwa ta baya. An yi maka ragin kashi 20 kan yadi, ka biya naira 8,000, nawa ne ainihin kuɗinsa? Kada ka ɗora kashi 20 na 8,000 ka ce 9,600. Kira ainihin kuɗin x. Abin da ka biya kashi 80 ne na x, don haka 0.8x = 8,000. Raba 8,000 da 0.8, ka samu 10,000. Sai ka gwada: kashi 20 na 10,000 shi ne 2,000, in ka cire saura 8,000.