Naman da kake hangowa cikin hanci ba tsiro ba ne

Uwa za ta haska hancin ɗanta da tocilan, ta hango wani jan nama a gefe, sai hankalinta ya tashi: "Tsiro ne, a kai shi a yanke." Galibi ba tsiro ba ne, kowa da shi aka haife shi. Kowace ƙofar hanci tana da irin wannan tudu guda 3, masu ɗumama iska, su jiƙa ta, su tare ƙura kafin ta isa huhu. Ƙurar hunturu, hayaƙin itace ko mura kan kumbura su, hanya ta matse. Shi ya sa za ka yi ta fyacewa, ba majina, toshewar kuma tana nan.

Inda ake ƙara dagula lamarin shi ne maganin ɗigawa irin su Otrivin. Nan take hanci ya buɗe, amma in aka wuce mako ana ɗigawa, da ya sake ka sai kumburin ya dawo fiye da na da. Likita yakan fara da wankin hanci da ruwan gishiri, da feshin rage kumburi na makonni. Sai hakan ya gaza ake tiyata, kuma rage naman ake yi, don in aka cire shi duka hancin bushewa yake yi.