Me ya sa kujeru ke zama wayam a wasannin Bowl na jami'o'in Amurka?

Wanda ya kunna tashar wasanni ta ESPN daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu zai tarar kusan kullum ana buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake rungumar ƙwallon a ruga da ita, tsakanin jami'o'i biyu. Idan kyamara ta ɗaga sama kaɗan kuma, sau da yawa sai a ga benen filin babu kowa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Tukuna, mene ne wasan Bowl?

Wasa ɗaya ne tak da ake gayyatar jami'o'i biyu su buga bayan an kammala kaka, a garin da galibi ba na kowacensu ba. Na farko an yi shi a Pasadena ta jihar Kalifoniya ranar 1 ga Janairun 1902, inda Michigan ta lallasa Stanford da ci 49 da nema. Sunan ya samo asali ne daga siffar filin Rose Bowl, mai kama da akushi. A 1935 aka fara Orange Bowl a Miami da Sugar Bowl a New Orleans, Cotton Bowl ya biyo baya a Dallas a 1937. Duk garuruwa ne masu ɗumi, kuma ba haka kawai aka zaɓe su ba. 'Yan kasuwar garin ne ke shirya wasan don su jawo mutanen arewacin ƙasar da sanyin hunturu ya ishe su, su zo su kama ɗaki a otal, su ci su sha na kwanaki. Wato tun asali, cinikin ya dogara ne ga mutumin da zai yi tattaki.

Da gaske jama'a sun ragu, ko kyamara ce ke ruɗin ido?

Sun ragu, kuma alƙaluman da ake sanarwa suna ɓoye girman raguwar. Adadin da ake bayyanawa a ƙarshen wasa na tikitin da aka raba ne, ba na mutanen da suka ratsa ƙofa ba. A ciki akwai wanda jami'a ta biya dole ba ta sayar ba, da wanda aka ba kamfanoni masu ɗaukar nauyi, da na kyauta da aka kai makarantu. Shi ya sa za a ce mutum dubu talatin, ido kuwa ya ga abin da bai kai haka ba ko kusa.

Sai dai ba ko'ina ne ba. Manyan wasannin da ke cikin gasar fitar da zakara har yanzu suna tara jama'a. Ciwon yana kan matsakaitan wasanni da ƙanana.

Yawan wasannin ne ya jawo?

Shi ne tushe. A 1970 wasannin ba su wuce goma sha ɗaya ba. A 2000 sun kai 25, a 2010 sun kai 35, daga 2015 kuma galibi ana yin arba'in ko sama da haka. Kowane wasa na buƙatar ƙungiya biyu, ke nan ana neman ƙungiya tamanin da ɗoriya daga cikin ɗari da talatin da 'yan kai da ke babban rukuni. Sharaɗin shiga shi ne cin wasa shida cikin goma sha biyu, rabi ke nan. A kakar 2015 ma masu wannan rabin ba su isa ba, sai da aka ciko da Nebraska da Minnesota da San Jose State, waɗanda kowace ta ci biyar ta sha kashi bakwai.

A da, gayyatar Bowl lada ce ga ƙungiyar da ta yi fice, kuma magoya baya kan jira shekaru kafin su ga irinta. Yanzu mai goyon bayan babbar jami'a yana ganinta kowace shekara. Idan ƙungiyarsa ta shiga kaka da burin kofi ta ɓuge da cin bakwai, gayyatar ba ta faranta masa rai, sai ma ta tuna masa abin da ya kuɓuce.

Ina ruwan gasar fitar da zakara a ciki?

Ita ce ta raba wasannin gida biyu: masu ma'ana da marasa ita. Kafin 1998 babu wasan ƙarshe na ƙasa, 'yan jarida da masu horarwa ne ke jefa ƙuri'a bayan an gama wasannin Bowl, don haka sakamakon uku ko huɗu daga cikinsu na iya sauya wanda za a naɗa. Daga 1998 zuwa 2013 aka koma haɗa ta ɗaya da ta biyu. A 2014 aka kawo gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi huɗu, a 2024 aka faɗaɗa ta zuwa goma sha biyu. Duk wasan da ba ya cikinta ya zama tamkar na sada zumunta.

Abin da ya sami Florida State a 2023 ya isa misali. Ta ci wasanninta goma sha uku ba tare da faɗuwa ba, amma kwamitin zaɓe ya bar ta a waje. Aka tura ta Orange Bowl, wasan da a da ake mafarkin zuwa. 'Yan wasanta sama da ashirin ba su buga ba, Georgia ta ci ta 63 da 3. A Disambar 2025 kuwa Notre Dame, da aka ƙi saka ta a gasar, cewa ta yi ba za ta je kowane Bowl ba.

Gasar ta kuma matse aljihun magoya bayan manyan ƙungiyoyi. Ohio State, da ta ɗauki kofin kakar 2024, ta buga zagayen farko a gida da Tennessee, sannan Rose Bowl a Kalifoniya, sannan Cotton Bowl a Texas, sannan wasan ƙarshe a Atlanta ranar 20 ga Janairun 2025. Tafiya uku ke nan ta jirgi cikin mako uku. Mai albashi tafiya ɗaya zai zaɓa, kuma yawanci yakan ajiye kuɗinsa ne don ta ƙarshe.

Me ya sa taurarin 'yan wasa ke ƙin bugawa?

Saboda tsoron rauni. Ranar 1 ga Janairun 2016, Jaylon Smith na Notre Dame, wanda ake sa ran zai fita cikin na farko-farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL, ya tsinke jijiyoyin gwiwarsa a Fiesta Bowl. Sai a zagaye na biyu aka ɗauke shi, na 34, kuma tazarar da ke tsakanin nan da can miliyoyin daloli ce. A ƙarshen shekarar Christian McCaffrey na Stanford ya ƙi buga Sun Bowl, Leonard Fournette na LSU ya ƙi buga Citrus Bowl. An yi ta zaginsu a lokacin, amma duka biyun aka ɗauke su cikin goman farko, kuma tun daga nan abin ya zama ruwan dare. Da wuya a ga laifinsu.

Ga kuma sauya sheƙa. A 2018 aka buɗe rajistar da ɗan wasa ke saka sunansa idan yana neman komawa wata jami'a, daga 2021 kuma aka yarda ya fara bugawa nan take ba tare da zaman shekara ba. An yi shekaru lokacin yin rajistar ya riƙa faɗowa a Disamba, daidai lokacin da masu horarwa ma ke karɓar sabon aiki. A 2024 kocin Marshall ya tafi, 'yan wasa suka watse, har jami'ar ta janye daga Independence Bowl don ba ta da isassun mutane. Louisiana Tech mai cin wasa biyar aka kira ta kara da Army, ƙungiyar makarantar horar da hafsoshin soja. Wanda ya sayi tikiti a farkon Disamba bai san wace ƙungiya zai tarar a fili ba.

Nawa ne kuɗin zuwa, kuma wa ke asara?

Ana sanar da haɗin wasannin ne ranar Lahadi a farkon Disamba, wasu kuma a buga su cikin ƙasa da mako biyu. Dole a sayi tikitin jirgi a makare, a lokacin da ya fi tsada a shekara, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara. Da yawa ana buga su da rana tsaka a ranar aiki, don kada biyu su yi karo a talabijin. Wasu ma ba a gari mai ɗumi ba: akwai na New York, da Boston, da Boise.

Ɓangaren tikiti ne ya fi ban takaici. Masu shirya wasa kan ɗora wa kowace jami'a wani kaso da za ta biya, ko ta sayar ko ba ta sayar ba. Da jami'ar Connecticut ta je Fiesta Bowl a Janairun 2011, an ba ta tikiti 17,500, ta sayar da ƙasa da dubu uku. Ragowar ya ci mata kusan dala miliyan uku, ta dawo gida da asarar kusan miliyan 1.8 daga wasa mafi girma a tarihinta. Dalili shi ne jami'a na sayarwa a kan farashin hukuma, kujerun da aka ba ta kuma sau da yawa na kusurwa ne, alhali a shafukan sake sayar da tikiti irin su StubHub ana samun kujera mafi kyau da araha. Magoya baya sun gane haka, suna jira farashi ya faɗi. Bayan irin wannan ƙorafi an rage kason a sababbin yarjejeniyoyi, ƙawancen jami'o'i kuma kan raba asarar a tsakaninsu.

To me ya hana a rage wasannin?

Don mai kujera ba shi ne babban mai saye ba yanzu. ESPN ke nuna kusan dukkansu, wani reshenta kuma shi ya mallaki fiye da goma sha biyar. A makonnin hutu, ƙaramin wasa tsakanin ƙungiyoyin da ba a san su sosai ba kan tara masu kallo miliyan ɗaya ko biyu a gida, abin da wani shiri da za a saka a gurbin ba zai yi ba. Masu caca ma na cikin masu kallon. Kamfanin da sunansa ke kan wasa ido yake nema, shi ya sa a Duke's Mayo Bowl ake kwarara wa kocin da ya yi nasara bokitin mayonis a ka, a Pop-Tarts Bowl kuma 'yan wasa ke cinye ƙaton biskit ɗin da ke wakiltar kamfanin. Bidiyon daƙiƙa ashirin ɗin ya fi musu kujera dubu goma. Sababbin wasannin ma an kai su ƙananan filaye masu cin mutum dubu goma sha biyar zuwa ashirin, kamar na Bahamas da Myrtle Beach.

Masu horarwa ba sa son a rage: suna samun ƙarin makonnin atisaye da matasan 'yan wasa, da yawansu kuma akwai ladan zuwa Bowl a kwantiraginsu.

Waɗanne ne har yanzu ke cika?

Wanda ake iya zuwa da mota a dawo. A Disambar 2021 Tennessee ta kara da Purdue a Music City Bowl a Nashville, tafiyar awa uku daga harabar jami'ar Tennessee, mutum kusan dubu saba'in suka shiga. Haka ake gani idan aka haɗa wata jami'a ta jihar Texas da wasan Houston ko San Antonio, ko aka gayyato ƙungiyar da ta yi shekaru ba ta ga Bowl ba. Masu shirya wasa sun lura, yanzu kafin su duba yawan wasan da ƙungiya ta ci, sukan fara duba taswira.