Gine-ginen Tsohuwar Girka

Gine-ginen tsohuwar Girka sun haɗa da haikalai, filayen wasan kwaikwayo, rumfunan kasuwa da gidajen da Girkawa suka gina a ƙasarsu, da gaɓar Turkiyya ta yau, da kudancin Italiya, tun daga wajajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (K.H.) har zuwa lokacin da Romawa suka mamaye Girka a ƙarni na 2 K.H. Kufansu na nuna inda mutanen suka zuba dukiyarsu: dutse mai tsada na alloli ne da na jama'a, mai gida kuwa a ɗakin laka yake kwana.

Haikali

Haikalin Girkawa ba wurin taruwar masu bauta ba ne, ɗakin gunki ne da ma'ajiyar dukiyarsa. A waje ake yanka, a kan bagaden da ke gaban ƙofa, galibi ta gabas, sannan a raba naman a ci tare. Shi ya sa aka fi ƙawata jikin ginin ta waje, inda idon kowa ke kaiwa. Da itace da tubali aka fara. A haikalin allahiya Hera da ke Olympia, wanda aka gina a wajajen 600 K.H., an riƙa sauya ginshiƙan itace da na dutse ɗaya bayan ɗaya.

Salon ginshiƙai uku ne: Dorik mai kauri marar ado, Ayonik siriri mai naɗaɗɗen kai, da Korintiya mai sassaƙen ganye, wanda Romawa suka fi Girkawa amfani da shi. Farin dutsen da ake gani yau ba haka yake a da ba, domin an shafa wa sassan sama ja da shuɗi.

Parthenon

An gina wannan haikali a kan tudun Acropolis na birnin Atina tsakanin 447 da 432 K.H., a zamanin Pericles, jagoran birnin, domin allahiya Athena. Iktinos da Kallikrates ne suka tsara shi, Phidias kuma ya ƙera gunkin zinariya da hauren giwa mai tsayin kusan mita 12. Tsawon ginin ya kusa mita 70, faɗinsa mita 31, da ginshiƙai 8 a gaba, 17 a kowane gefe. Daga dutsen Pentelikon aka jawo marmarar, tafiyar kimanin kilomita 16.

Da wuya a sami miƙaƙƙen layi a jikinsa. Daɓen ya ɗan yi tozo a tsakiya, ginshiƙan sun ɗan kumbura a tsakiyarsu, sun kuma karkata zuwa bango kaɗan. Masana sun rabu kan dalili: wasu na cewa don gyara yadda ido ke ganin ginin ne, wasu na cewa don kada ya zama sandararre.

Batun kuɗin aikin ma ya jawo ka-ce-na-ce tun a wancan zamani. A 454 K.H. aka ɗauke baitulmalin ƙawancen biranen da suka yaƙi Farisa daga tsibirin Delos zuwa Atina, kuma 'yan adawar Pericles sun zarge shi da yi wa birni kwalliya da kuɗin abokai. Duk da haka, an riƙa sassaƙa lissafin kuɗin aiki a kan dutse a kafa inda kowa zai karanta. Irin wannan lissafi na haikalin Erechtheion, na wajajen 409 zuwa 407 K.H., ya nuna 'yan ƙasa da baƙi mazauna da bayi suna aiki kafaɗa da kafaɗa a kan lada guda, kodayake ana jin cewa na bawa hannun ubangidansa yake komawa.

Wuraren jama'a

Agora ce cibiyar gari: kasuwa, kotu da zauren shawara duk a wuri ɗaya, an kewaye su da dogayen rumfuna masu ginshiƙai da ake kira stoa. A tudun Pnyx majalisar Atina ke zama, kuma wasu hukunce-hukunce ba sa tabbata sai mutum 6,000 sun hallara, dukansu maza 'yan ƙasa. Filin wasan kwaikwayo na Epidauros, na ƙarni na 4 K.H., yana ɗaukar mutum kusan 14,000.

Birnin Sparta bai bi wannan hanya ta manyan gine-gine ba. Marubucin tarihi Thucydides ya ce da birnin zai zama kufai, 'yan baya ba za su yarda ya taɓa yin ƙarfi ba.

Gidaje

Mafi yawan abin da aka sani ya fito ne daga Olynthos, garin da sarki Filib na Masedoniya ya rusa a 348 K.H. Gidajen na tubalin laka ne a kan harsashin dutse, ɗakuna na fuskantar tsakar gida, tagogin waje kaɗan ne. Ɗakin da aka fi gyarawa shi ne andron, inda mai gida ke karɓar baƙinsa maza, kamar dai zaure a gidan Bahaushe, sai dai a nan kishingiɗa ake yi a kan gadaje ana shan giya. Ko an keɓe mata a wani sashe na dabam, har yanzu ana gardama, don marubuta sun ambaci hakan amma kufai bai nuna shi sarai ba.

Bayan zamanin Girkawa

Parthenon ya zama coci, daga baya masallaci a ƙarƙashin Daular Usmaniyya. A 1687 harsashin sojojin Venice ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki, tsakiyar ginin ta tarwatse. A farkon ƙarni na 19 jakadan Birtaniya Lord Elgin ya kwashe sassaƙe da dama zuwa Landan. Girka na neman a mayar mata da su, gidan tarihin Birtaniya kuma na cewa bisa ƙa'ida ya mallake su.