Ƙaramin jirgin sama na haɗa-da-kanka

Jirgin haɗa-da-kanka ƙaramin jirgin sama ne, mai kujera ɗaya zuwa huɗu, wanda kamfani ke ƙera sassansa ya zuba su cikin akwatunan katako tare da zane da littafin umarni, mai saye kuma ya harhaɗa shi da hannunsa a garejinsa ko a wata rumfa. Ya kamata tun farko a raba shi da irin jiragen da ake ganin matasa masu basira suna ƙerawa da tarkacen mota da babur, kamar jirgi mai saukar ungulu da wani ɗalibin jami'a ya haɗa a Kano a 2007 da injin mota. Wancan gwajin fasaha ne, ba a auna ƙarfin fiffikensa ba, ba a kuma san iyakar nauyin da zai ɗauka ba. Shi kuwa na haɗa-da-kanka, injiniyoyi sun riga sun zana shi, sun gwada shi a sama, ɗaruruwa ko dubban irinsa suna tashi, saboda haka aikin mai haɗawa bai wuce bin zanen sau da ƙafa ba.

Asali

Tun a shekarun 1920 aka fara sayar da zane da sassan ƙananan jirage a Amurka. A 1929 Bernard Pietenpol ya fitar da jirgin katako mai kujera biyu da ke amfani da injin motar Ford, kuma har yau ana gina irinsa. A Faransa Henri Mignet ya wallafa yadda ake gina nasa ƙaramin jirgin a 1934, mutane suka yi ca a kai, sai dai wani aibi a tsarin fukafukansa ya jawo haɗurran da suka ci rayuka kafin a gyara shi. Harkar ta zauna da gindinta ne bayan 1953, lokacin da Paul Poberezny ya kafa EAA, ƙungiyar masu gina jirage da hannunsu, a jihar Wisconsin, wadda taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh ke tara dubban jirage.

Dokar Amurka, wadda ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ta ce ba a yi wa jirgi rajista a matsayin ginin mai sha'awa sai in shi mai ginin ne ya yi mafi yawan aikin, don koyo ko nishaɗi. Ita ce ake kira dokar kashi 51 cikin 100, kuma ita ce ke iyakance yadda kamfani zai kammala sassa kafin ya aiko su. Kamfanin Van's na jihar Oregon, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a farkon shekarun 1970, shi ne kan gaba, don jiragensa samfurin RV fiye da 10,000 sun tashi. A Afirka akwai kamfanin Sling na Johannesburg, wanda jirginsa mai kujera biyu ya zagaya duniya a 2009.

Nijeriya ma tana da nata tarihin, ko da yake ba kowa ya sani ba. Jirgin Air Beetle, wanda rundunar sojin sama ta koyar da sababbin matuƙa da shi, daga samfurin RV-6A aka samo shi, kuma a Kaduna kamfanin AIEP ya harhaɗa shi. Na farkonsa ya tashi a 1989, rundunar kuma ta yi odar guda 60. Wannan aikin masana'anta ne, amma ya nuna cewa hannun ma'aikacin ƙasar nan ya iya irin wannan aiki.

Abin da ke cikin akwati da yadda ake aikin

Jikin jirgin iri huɗu ne: na falle-fallen alminiyam, na bututun ƙarfe da aka yi wa walda aka lulluɓe da yadi, na katako, da na zaren gilashi da ake haɗawa da gam mai daskarewa. Na alminiyam ya fi yawa a yau, kuma shi ya fi dacewa da wanda zai yi aiki a Jos ko Abuja, domin gara ba ta cinsa, rana ba ta ruɓar da shi kamar yadi, ba ya kuma tsagewa da bushewar hunturu kamar katako. Gam ɗin zaren gilashi kuwa yana son ɗumi kafin ya kama sosai, abin da sanyin Jos na watan Disamba da Janairu ba ya bayarwa da daddare.

Ba a cika sayen kayan gaba ɗaya ba. Bisa al'ada wutsiya ake fara saye, saboda ta fi arha, kuma a kanta mai gini ke gane ko yana da haƙurin wannan aiki. Kuskuren da aka yi a wutsiya kuɗin gyaransa kaɗan ne. Daga nan sai fukafukai, sai gangar jiki, sai kayan ƙarshe irin su tayoyi, birki, gilashin rufi da murfin inji. Inji da farfela da na'urorin gaban matuƙi ba sa cikin akwati, daban ake sayensu, kuma sau da yawa kuɗinsu yakan kai na jikin jirgin ko ya fi.

Mafi yawan aikin jirgin alminiyam a kan ƙusa yake ƙarewa, wato ribit. Kowane rami sai an daidaita shi da na ƙarƙashinsa, a huda shi zuwa girman da zane ya ce, a warware sassan, a kankare kaifin bakin ramin ɗaya bayan ɗaya, a shafa maganin tsatsa, sannan a sake haɗawa. Kafin a buga ƙusa ana riƙe falle-fallen da wasu ƙananan maɗamkai na wucin gadi da ake cusawa cikin ramukan, har fiffiken ya koma kamar bushiya. A jiragen RV mutum biyu ke buga ƙusar: ɗaya yana waje da bindigar iska, ɗaya ya zura hannu cikin fiffike ya tokare ƙusar da dunƙulen ƙarfe, ba ya ganin abin da yake yi, da taɓawa kawai yake gane ko kan ya baje daidai. Wadda ta karkace sai a huda ta a cire a sa wata. Ƙusoshin jirgi guda sun wuce dubu goma. Jiragen Zenith, irin su CH 701, zanen Chris Heintz, wanda ya fara tashi a 1986, suna amfani da ƙusar da ake ja daga gefe ɗaya, don haka mutum ɗaya na iya yi.

Kankare bakin rami aiki ne mai gundura, shi ya sa ake sha'awar tsallake shi, alhali daga wannan ɗan kaifin tsagewa ke farawa bayan jirgi ya sha girgiza. Haka kuma ba a musanya kusoshi da notin jirgi da na kasuwar kayan gyaran mota ko da sun yi kama a ido. A nan ne gwanin bakanike ya fi shiga haɗari fiye da ɗan koyo, domin dabarar “a yi maneji” da ke mayar da mota kan hanya ba ta da gurbi a jirgi.

Jirgin RV mai kujera biyu yakan ci awa 1,500 zuwa 2,000 ko fiye, wanda ga ma'aikacin da ba ya samun lokaci sai yamma da ƙarshen mako yake nufin shekaru. Da yawa ba sa kammalawa, sukan sayar da aikin a rabi. Ana buƙatar wuri mai rufi da ya kai garejin mota biyu, da tebur madaidaici, da injin matsa iska, wanda a nan ke nufin janareta ko sola. Kowane mataki ana rubuta shi da kwanan wata da hoto, saboda wannan littafin ne hujjar da mai duba jirgi zai nema.

Inji, mai da tsayin ƙasa

Inji biyu suka fi shahara. Lycoming na Amurka, mai ƙarfin doki 150 zuwa 180 a irin waɗannan jirage, an saba ba shi man jirgi na musamman mai sinadarin darma, wanda samunsa a Nijeriya ke da wuya, tunda manyan jiragen haya kananzir ɗin jirgi suke sha. Rotax 912 na Ostiriya, mai doki 80 ko 100, yana shan fetur ɗin mota mai kyau, abin da ya sa ya fi karɓuwa a Afirka. Sai dai fetur ɗin sai an tace shi an tabbatar babu ruwa ko gauraye, kuma na bumburutu a galan ba ya cikin lissafi.

Ga mai gini a Filato akwai batun da ba a tsallakewa. Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang yana kan tsayin kusan mita 1,290 daga matakin teku, yayin da na Nnamdi Azikiwe a Abuja bai kai mita 350 ba. Iska tana sirancewa yayin da ake hawa, injin da ba shi da na'urar cusa iska kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Ke nan injin doki 100 a Heipang bai fi 87 ko 88 yake bayarwa ba, kuma da tsakar ranar watan Maris, idan iska ta yi zafi, ya ƙara raguwa. Fiffike da farfela ma suna samun iska kaɗan da za su kama, don haka jirgin yakan yi gudu mai tsawo kafin ya bar ƙasa, hawansa kuma ya yi nauyi. Alƙaluman da kamfani ke bugawa na matakin teku ne. Abuja ba ta da wannan tsayin, amma zafinta na bazara yana yin irin wannan illa. Ga kuma hazo, wanda daga Disamba zuwa Fabrairu kan toshe gani, alhali waɗannan jirage da ido ake tuƙa mafi yawansu.

Izini da tashin farko

A Nijeriya jirgi ba ya tashi sai hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato NCAA, ta yi masa rajista, ya sami lamba mai farawa da 5N, da takardar cancantar tashi, matuƙinsa kuma yana da lasisi. Hikima ita ce a je wa hukumar tun kafin a biya kuɗin kaya, tunda shigo da sassan jirgi ya shafi kwastam da jami'an tsaro. Gina jirgi ba ya koya wa mutum tuƙa shi; wannan sai makaranta, irin kwalejin sufurin jiragen sama ta Zariya da aka kafa a 1964.

Idan an gama, ana cire fukafukai a kai jirgin filin jirgi a bayan babbar mota, a sake ɗaurawa. Ana ɗora kowace taya kan sikeli don a gano inda tsakiyar nauyinsa ya faɗa, domin jirgin da nauyinsa ya koma baya fiye da ƙima yakan ɗaga hanci ya ƙi jin matuƙi. Ana kuma ɗaga hancinsa kamar yana hawa, a cire tiyon mai, a auna ko man na zuba yadda inji ke buƙata. A Amurka sabon jirgi yakan yi awa 25 ko 40 na gwaji a keɓantaccen yanki ba tare da fasinja ba. Binciken da hukumar haɗurran sufuri ta ƙasar ta fitar a 2012 ya nuna cewa jiragen ginin gida kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jirage, amma su ke da kashi 21 na haɗurran da aka rasa rai a 2011, kuma mutuwar inji da ƙwacewar jirgi daga hannun matuƙi su ne manyan dalilai. Wanda ya shafe shekaru yana buga ƙusa yakan so ya zama shi ne farkon tashi da jirginsa, alhali a waɗannan shekarun hannunsa ya yi sanyi a tuƙi, shi ya sa ƙungiyoyin masu gini ke ba da shawarar a miƙa tashin farko ga matuƙin da ya saba da wannan samfurin.