Rangadi da kuɗi a kiɗan power metal

Power metal wani reshe ne na heavy metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarar jitar lantarki da ganga, da ya tsiro a tsakiyar shekarun 1980, akasari a Jamus. Ana gane shi da gangar da ake bugawa da gudu kamar ana tsere, da mawaƙi mai ɗaga murya can sama, da amshi mai sauƙi wanda dubban mutane za su iya rerawa tare ko da ba su iya Turanci sosai ba. Waƙoƙin kuwa yawanci labarin yaƙi ne da jarumai da tatsuniya. Ba kiɗa ne da gidajen rediyo ke sakawa ba, shi ya sa a wannan harkar ba a auna farin jini da yawan jin waƙa a gari, ana auna shi ne da girman ɗakin da ƙungiya ke iya cikawa, da kuma wa ke hawa dandamali a ƙarshe. Rangadi, wato zagayen wasa gari-gari, shi ne kasuwar kuma shi ne ma'aunin.

Asali da hawa da sauka

Ƙungiyar Helloween ta birnin Hamburg, wadda aka kafa a 1984, ita ake ɗauka a matsayin uwar salon, musamman saboda faifai biyu da ta fitar a 1987 da 1988. Sai Blind Guardian daga Krefeld, sai Gamma Ray wadda Kai Hansen ya kafa bayan ya bar Helloween. Da aka shiga shekarun 1990 kasuwar metal ta faɗi a Amurka da Birtaniya, matasa suka koma wasu salo, to a nan ne Japan da Kudancin Amurka suka riƙe abin. Ƙungiya za ta yi wasa a ƙaramin kulob a Turai amma ta sauka Tokyo ko Sao Paulo ta tarar da jama'a maƙil. Angra ta Brazil ma kanta a Japan ta fara yin suna sosai.

A 1997 HammerFall ta Suwidin ta fitar da faifanta na farko, ya karɓu fiye da yadda aka zata, kamfanonin faifai suka farga cewa ashe akwai masu saye. Daga nan sai ambaliya: Stratovarius da Sonata Arctica daga Finlan, Rhapsody daga Italiya, Edguy daga Jamus, kowa na fitar da kaya har abin ya fara gundurar mutane. DragonForce ta Landan ta samu nata rabon ta wata hanya daban, a 2007 aka saka waƙarta a wasan bidiyo na Guitar Hero III, yara a Amurka da ba su taɓa jin sunan salon ba suka haddace ta.

Yadda kuɗin ke shigowa da yadda yake zurarewa

Da can faifai ne abinci, rangadi talla ce kawai ta faifan. Yanzu abin ya juye. Abin da manhajar sauraron waƙa ta Spotify da ire-irenta ke biya kan kowane sauraro bai kai santi ɗaya na dala ba, kuma sai kamfani ya cire nasa kafin ya iso ga makaɗa, don haka faifan ne ya koma talla, rangadin ya zama abincin.

Mai shirya wasa a kowane gari yakan yi wa ƙungiya alƙawarin wani tsayayyen kuɗi, idan tikiti ya sayu ya wuce wani adadi a ƙara mata kaso. Daga wannan kuɗin ejan da ya haɗa wasan zai ɗauki la'adarsa, manaja ya ɗauki tasa, ƙasar da aka yi wasan ta cire haraji tun kafin kuɗin ya fita. Abin da ya rage shi za a biya hayar doguwar bas mai gadaje, wadda makaɗa da ma'aikata ke kwana a ciki ana tafiya cikin dare, mutum goma sha wani abu kowa a ɗan akurkinsa da labule, a biya direba, a sha dizal, a biya mai kula da sauti da mai fitilu da masu gyaran jita da ganga. Ranar da ba wasa ita ce masifa, don bas na cin kuɗinta, ma'aikata na cin nasu, ba ko sisi da ke shigowa. Shi ya sa za ka ga jadawali an jera wasa biyar ko shida ba hutu, kuma mawaƙin power metal da maƙogwaronsa yake aiki, in mura ta kama shi a tsakiyar tafiya to kowa ya shiga uku.

Teburin riguna shi ne ke ceton mutane da yawa. Ana kafa shi kusa da ƙofar shiga, a rataye baƙaƙen riguna masu zanen ƙungiya a gaba da jerin garuruwan rangadin a baya, ga faifan garmaho ga huluna ga bajo na liƙawa a jaket. Masoyan wannan kiɗa mutane ne masu son saye, akwai wanda ba ya barin wasa sai da riga. Amma ko nan ɗin masu ɗakin wasa da yawa sai sun yanki kasonsu, galibi kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na cinikin, alhali ba su suka buga rigar ba ba su suka ɗauko ta ba, kuma wannan na cikin abin da makaɗa suka fi ƙorafi a kai.

Ƙaramar ƙungiya mai buɗe fage kuwa, wadda ke hawa minti 30 ko 40 mutane na shigowa, sau da yawa abin da ake ba ta ko kuɗin mai bai kai ba, wani lokacin ma ita ke biya a ɗauke ta. Asara ce da gangan, ana sayen idon jama'a ne.

Matsalar Amurka

Turai ta fi sauƙi don garuruwa kusa suke, ga bukukuwan bazara. Wacken, ƙauye ne a arewacin Jamus mai mutum wajen dubu biyu, amma bikin da ake yi a can tun 1990 yanzu yana tara mutum dubu 85. Ƙungiya na iya cika watan Yuni zuwa Agusta tana tsalle daga wannan biki zuwa wancan, kayan sauti na masu biki ne, jama'a kuma a tare suke. Amurka ba haka ba. Tazara tsakanin birane doguwa ce, masoyan a warwatse suke, ga biza. A Afrilun 2024 kuɗin shigar da takardar neman bizar masu wasa ya tashi daga dala 460 zuwa sama da 1,600, ban da lauya, ban da kuɗin a hanzarta. Don haka ƙungiyar da ke cika babban fili a Jamus sai ta je can ta koma kulob. Powerwolf ta Jamus, duk girmanta a Turai, sai 2023 ta fara taka dandamali a Arewacin Amurka, kusan shekara 20 da kafa ta. Wasu kuma sun gwammace su je sau ɗaya, ko bikin ProgPower na Atlanta ko wasan jirgin ruwa na 70000 Tons of Metal da ke tashi daga Florida, su dawo gida. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara takardun kwastan kan kayan kiɗa, korona ta tsayar da komai a 2020 da 2021, da aka dawo kuma dizal da hayar bas sun yi tashin gwauron zabi.

Wa ke sama yanzu

In ana son ganin yadda farin jini ya sauya hannu, a dubi Sabaton. An kafa ta a garin Falun na Suwidin a 1999, yawancin waƙoƙinta kan tarihin yaƙe-yaƙe ne. A 2009 ita ke buɗe wa HammerFall fage a Turai. A 2019 da aka zo rangadin Arewacin Amurka, HammerFall ce ke buɗe mata. Shekara goma kacal, ƙane ya zama mai gida. A 2011 Powerwolf na ƙarƙashin Sabaton a rangadi, a 2013 faifanta ya hau lamba ɗaya a Jamus, yau ita ma manyan filaye take cikawa.

Abin da ya haɗa su biyun ba gwanintar jita ba ce, don a gaskiya tsofaffin sun fi su iya kiɗa mai wuya, kuma tsofaffin masoya ba sa gajiya da faɗin haka. Su sun gane cewa mai sayen tikiti kallo ya zo yi. Sabaton na ɗora mai ganga a kan tankar yaƙi, ga wuta na tashi ga buhunan yashi da waya mai ƙaya, Powerwolf kuma fenti a fuska da shiga irin ta limaman coci da labarin kyarkeci. Waƙoƙin gajeru, amshi ya kama kunne tun a jin farko. Sabaton ta kuma riƙe harkarta a hannu, mai jitar bes ɗinta Pär Sundström shi ne manaja, ta yi bikinta na kanta a Falun, tana da wasan jirgin ruwa, a 2019 ta buɗe tashar tarihi a YouTube wadda ta jawo mutanen da ta ƙofar tarihi suka shigo ba ta ƙofar metal ba. Ƙananan da ke tasowa irin su Beast in Black da Wind Rose ta Italiya mai shigar wadannin tatsuniya, duk wannan layin suka bi.

Su tsofaffin hanyar da ta fi yi musu aiki ita ce sulhu. Helloween ta yi shekaru tana wasa a matsakaitan ɗakuna, sai a 2017 ta dawo da tsohon mawaƙinta Michael Kiske da Kai Hansen ba tare da ta sallami mawaƙinta Andi Deris ba, suka zama su bakwai a dandamali, nan take ta koma manyan filaye, faifanta na 2021 ya hau lamba ɗaya a Jamus. Tobias Sammet, mawaƙin Edguy, shi ma ya jingine ƙungiyar ya rungumi Avantasia, inda yake tara fitattun mawaƙa da yawa a wasa ɗaya.

Waɗanda ke shan wuya su ne na tsakiya, masu jan mutum ɗari biyar zuwa dubu. Sun yi girman da ba za su shiga ƙaramar mota su kwana a ƙasa ba, ba su kuma kai su biya tireloli da wutar dandamali ba. Su ne za ka ga sun haɗu biyu ko uku a rangadi ɗaya suna raba bas da ma'aikata da ganga, a fosta a rubuta sunayen da girma ɗaya, wani lokacin har a riƙa karɓa-karɓa wajen wanda zai rufe wasa. Da yawa cikin makaɗansu in an dawo gida koyar da jita suke yi ko aikin situdiyo, kafin bazara ta zagayo.